Ɗan riƙo a Amurka: wa ke biyan kuɗin maganinsa?

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. In uwa ta rasu, kaka ko gwaggo ta ɗauki yaro. A Amurka kuwa, in iyaye sun kasa kula da yaro, ko suna cutar da shi, alƙali yana iya sa a miƙa shi ga dangi ko ga wani gida. A shekarar 2020, yara sama da 400.000 ne ke hannun riƙo a can.

Sau da yawa rabuwa da iyaye takan bar wa yaro ciwo a zuci. Wani ya daina magana. Wani ya riƙa fitsarin kwance ko firgita cikin dare. Bulala ba ta warkar da wannan.

A ƙasar akwai asusun gwamnati mai suna Medicaid. An kafa shi a 1965 don biya wa masu ƙaramin ƙarfi kuɗin magani. Kusan duk ƴan riƙo suna cikinsa. Shi ke biyan kuɗin ganin likitan ƙwaƙwalwa da mai ba da shawara.

A da, in yaro ya cika shekara 18 ya fita riƙo, taimakon yakan yanke. Daga 2014, doka ta sa asusun ya ci gaba da biya masa har ya kai shekara 26.

Mai riƙo, ci da sutura kaɗai ba su isa ba. In halin yaro ya sauya, a saurare shi, a kai shi likita.