Bindiga a Ɗakin Mai Dukan Mata: Inda Doka Ke Tsinkewa a Jama'are

A ƙauyukan da ke bin gaɓar kogin Jama'are zuwa ƙasar Katagum, bindigar toka ba baƙuwa ba ce. Mafarauci na shiga daji da ita, ɗan banga na sintiri da ita, manomi kuma na jingine ta a lungun ɗaki saboda ɓarayin dabbobi. Sai dai ba a cika tambayar makomar wannan makami ba idan mai shi ya kasance mutumin da aka tabbatar yana lakaɗa wa matarsa duka.

Dokar Makamai ta Najeriya ta 1959 ba ta yi shiru ba. Ta hana bai wa mutum lasisin bindiga idan shekarunsa ba su kai 17 ba, ko yana da taɓin hankali, ko kuma kotu ta same shi da laifin tashin hankali ko barazanarsa cikin shekaru biyar da suka gabata. Lasisin bindigar zamani ta ƙashin kai yana hannun Sufeto Janar na 'Yan Sanda, al'amarin bindigar toka kuwa na kwamishinan 'yan sandan jiha ne. Ke nan, a rubuce, wanda aka yanke wa hukunci kan dukan iyali bai cancanci lasisi ba har shekaru biyar.

A 2015 aka samu dokar hana cin zarafin mutane, wato VAPP, wadda ta tanadi ɗaurin da zai iya kaiwa shekaru uku ga mai dukan abokin aurensa, ta kuma bai wa kotu ikon umartar 'yan sanda su ƙwace makamin wanda ake neman kariya daga gare shi. Dokar ta fara aiki ne a Abuja kaɗai, sai a 2020 Gwamna Bala Mohammed ya sa hannu kan ta Jihar Bauchi.

Dalilin wannan tanadi a fili yake. Wani bincike da Jacquelyn Campbell ta jagoranta a Amurka, wanda aka wallafa a 2003, ya gano cewa haɗarin kashe mace yana ninkawa kusan sau biyar idan mai cin zarafinta na da bindiga a hannu. Tun 1996 Amurka ta haramta riƙe bindiga ga duk wanda aka samu da laifin cin zarafin iyali, kuma a 2024 Kotun Ƙolinta, da rinjayen alƙalai takwas cikin tara, ta tabbatar da halaccin raba mutum da bindiga idan akwai umarnin kariya a kansa. Afirka ta Kudu ma ta sanya irin wannan a dokar makamanta ta 2000.

To, ina gizo ke saƙar a gari irin Jama'are? Da farko, haramcin ya rataya ne a kan hukuncin kotu, alhali rikicin aure a ƙasar Hausa yakan ƙare a zauren waliyyi, ko gaban mai unguwa da liman. A yi sulhu, a ba mace haƙuri, ta koma ɗaki, bindiga na nan inda take. Idan ma ta kai ƙara kotun Shari'a, galibi rabuwar aure take nema saboda cutarwa, wanda mazhabar Malikiyya ta ba ta dama. Raba aure kuwa ba hukuncin laifi ba ne, don haka bai taɓa lasisi ba. Kuma masu nazarin wannan matsala sun daɗe da lura cewa lokacin rabuwa yana cikin lokuta mafi haɗari ga mace.

Na biyu, bindigar da maƙeri ya ƙera sau da yawa ba ta cikin kowane kundi. Ba a soke lasisin da tun asali ba a bayar ba.

Masu adawa da ƙwace makami suna da hujjar da ya kamata a saurara: raba mafarauci da bindigarsa raba shi ne da abincinsa, kuma ƙauyen da ke nesa da ofishin 'yan sanda yana dogara da 'yan banga. Amma haramcin na wa'adi ne, kuma yana kan wanda hannunsa ya riga ya nuna halinsa ne kawai.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar doka. Kotunan majistare da na Shari'a na iya aika wa rundunar 'yan sanda sunan duk wanda aka hukunta kan dukan iyali. Masarautun Jama'are da Katagum na iya umartar dagatai da masu unguwanni su sanya miƙa bindiga ga hukuma cikin sharuɗɗan sulhu. Shugabannin mafarauta da na 'yan banga, waɗanda suka fi kowa sanin wa ke da bindiga, na iya dakatar da irin wannan mutum daga sintiri. Duk alƙali ko mai unguwar da mace ta kai wa kukan duka, ya dace tambayarsa ta farko ta zama: akwai bindiga a gidan?