Goree: Tsibirin da ke cin abinci da tarihinsa, teku kuma na cin gaɓarsa

Tafiyar kimanin minti 20 ce a jirgin ruwa daga tashar Dakar, babban birnin Senegal, zuwa Goree, ɗan tsibirin da tsawonsa bai wuce mita 900 ba, faɗinsa kuma kimanin mita 300. Babu mota ko ɗaya a cikinsa. Lungunansa na rairayi ne, gidajensa tsofaffi masu launin ja da rawaya, mazaunansa kuma ba su cika dubu biyu ba. Duk da wannan ƙanƙanta, yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta a Afirka ta Yamma.

Turawan Fotugal ne suka fara isa tsibirin a 1444. Daga baya 'yan Holan suka mallake shi, su ne ma suka laƙaba masa sunan da ya rikiɗe ya zama Goree, kafin Faransa ta ƙwace shi a 1677. Ingila ta sha karɓe shi tana mayarwa. Abin da ya ja hankalinsu shi ne mafakar jiragen ruwa da kasuwanci, ciki har da cinikin bayi, wanda Faransa ba ta haramta bautar kanta dindindin a yankunan mulkinta ba sai a 1848.

Gidan Bayi, wanda aka gina a ƙarshen ƙarni na 18, shi ne zuciyar ziyarar. A ƙasansa akwai ƙananan ɗakuna masu duhu, a ƙarshen wani siririn zaure kuma ga wata ƙofa da ke kallon teku, wadda ake kira ƙofar da ba a dawowa. Marigayi Boubacar Joseph Ndiaye, wanda ya kula da gidan tun daga 1962 har rasuwarsa a 2009, shi ya sa labarinsa ya karaɗe duniya. Nelson Mandela ya tsaya a nan, haka ma Paparoma John Paul na Biyu a 1992, inda ya nemi gafara kan cinikin bayi, sai shugabannin Amurka Bill Clinton a 1998, George W. Bush a 2003 da Barack Obama a 2013.

Sai dai masana tarihi ba su daina jayayya ba. Wasu, irin su Ba'amurke Philip Curtin, sun nuna cewa bayin da aka fitar ta Goree kaɗan ne idan aka kwatanta da manyan tashoshi kamar Ouidah, Bonny ko Luanda, kuma gidan ya fi kama da mazaunin attajirai da rumbun kaya. Wani rahoto da jaridar Le Monde ta buga a 1996 kan wannan batu ya tayar da ƙura a Senegal. Masu kare martabar wurin na cewa darajarsa ba a ƙidaya take ba: zuriyar waɗanda aka sayar suna bukatar wurin da za su tsaya su tuna, kuma Goree ya zama wurin.

Tarihin tsibirin bai tsaya ga bauta ba. A nan aka haifi Blaise Diagne a 1872, baƙar fatar Afirka na farko da aka zaɓa a majalisar dokokin Faransa a 1914. Daga 1913 zuwa ƙarshen shekarun 1930 tsibirin ya karɓi makarantar William Ponty, wadda ta yaye Félix Houphouët-Boigny na Kodebuwa, Modibo Keita na Mali da Hamani Diori na Nijar.

A 1978 hukumar UNESCO ta sanya Goree cikin rukunin farko na wurare 12 na kayan tarihin duniya. Wannan daraja ta zo da riba da kuma nauyi. Masu jagorantar baƙi, masu sayar da zane-zane da duwatsun wuya, da masu gidajen abinci duk da jirgin Dakar suka dogara. Da annobar korona ta tsayar da zirga-zirga a 2020, kasuwarsu ta mutu murus. Gyaran gida kuwa dole ya bi ƙa'idojin adana tsarin asali, abin da ke da tsada ga mai ƙaramin ƙarfi, shi ya sa wasu gine-ginen ke lalacewa alhali akwai mutane a ciki. Ga kuma igiyar ruwa da gishirin iska suna zaizayar gaɓa da bangwaye sannu a hankali.

Ga jami'an Najeriya da ke tsara makomar Badagry, wadda ita ma ke da tata hanyar da ba a dawowa a Gberefu, darasin a bayyane yake. Shaidar UNESCO, irin wadda Sukur ta samu a 1999 da kurmin Osun-Osogbo a 2005, tana jawo baƙi, amma ba ta gina katangar tare teku, ba ta kuma gyara rufin talaka. Wannan aikin kasafin kuɗi ne na kowace shekara, da shigar da mazauna wurin cikin shawara tun kafin a kafa tubali.