Injin gwangwan: ka je kafin a sauke shi

Yau hirar ta matasanmu direbobi ce, masu jigila daga Dinawa zuwa Achida, Wurno, Goronyo har cikin Sakkwato. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, injin Beljiyam da ake saye a Ƙofar Ruwa ta Kano ya fi ƙarfin mutane da yawa. To sai aka koma wurin 'yan gwangwan, a sami motar da ta mutu a cire injinta. Ba laifi ba ne. Amma yaro ya ci bashi, ko ya sayar da albasar rani gaba ɗaya, a ɗora mishi injin da zai buga bayan sati biyu, wannan shi ne abin da ba mu so.

Magana ɗaya nake so ku riƙe: kar ka sayi injin da ka tarar a ƙasa in dai akwai halin ka gan shi a jikin motarsa. Jikin motar shi ke ba ka labari. Wadda aka buga ta baya ko ta gefe, injinta na aiki har lokacin hatsarin. Amma mota lafiyayyar jiki, ba ko kwarzane, tana zaune a gwangwan, ka tambayi kanka me ya kawo ta. Sau da yawa injin ne. Haka wadda ta nutse a ruwa. Mu da muke bakin Rima mun san ambaliya, mun ga ta 2010, kuma injin da ruwa ya kwana a cikinsa tsatsa ta riga ta ci shi.

Ka tafi da bakanikenka, ba na mai kaya ba, ku riƙe batir mai caji. In motar za ta tashi, a tada ta a sanyi ku saurara. Shuɗin hayaƙi na nufin tana cin baƙin mai. Farin hayaƙi mai kauri da ba ya ɗaukewa, ruwa ne ke shiga silinda. Ku buɗe murfin baƙin mai, in kun ga ya koma kamar kunun gyaɗa, ruwa ya haɗu da mai, ko gaskit ya ƙone ko tof ya tsage. In ba ta tashi, a sa sifana a juya kiranshaf da hannu. Ya ƙi juyawa? Ku yi sallama kawai.

Saukewar kanta ba ta da wani sirri. A cire kan batir, a zuƙe baƙin mai da ruwan lagireto a cikin jarka, a kwance salansa, tiyon mai da wayoyi, a raba shi da giyabos ko a fito da su tare. Baƙin man nan don Allah kar a malalar da shi ƙasa, rijiyoyinmu da fadamarmu ba su da nisa.

Inda ake cutuwa shi ne wayoyi. Yaran gwangwan sauri suke yi, kuma tagulla suke nema, sai su sa almakashi su datse. Ka tsaya a kansu. Ka ɗauki hoto da wayarka kafin a taɓa komai, kowane soket a zare shi da hannu. Golf 3 ɗin nan da muke ji da ita tun 1991 aka fara ƙera ta, amma tana da birenbos, kuma da yawa daga motocin Turai na tsakiyar shekarun 1990 zuwa sama suna da tsaron da ke haɗe da makulli. Wato in ka ɗauko injin ka bar birenbos da makullin, kana iya ɗora shi tsaf ya ƙi tashi. Saboda haka tun wajen ciniki a faɗa: da kik, da altaneta, da birenbos, ko injin tsurarsa?

Wajen ɗagawa kuma, injin silinda huɗu ya haura kilo 100, wato ya fi buhun shinkafa biyu. A nemi cenbulok da ƙarfe mai ƙafa uku. Reshen darbejiya da igiyar rijiya ba kayan aiki ba ne, wallahi. Sai sarƙa ta ɗauki nauyin sannan a kwance kusoshin da ke riƙe da shi, kuma kar kowa ya sa hannu ko kai a ƙarƙashi.

Saura takarda, wadda mutanenmu suka fi rainawa. Kowane injin yana da lamba a jikinsa, kuma ana rubuta ta a takardun mota. Ka karɓi rasit mai lambar injin, da lambar shasin motar da aka cire shi, da sunan mai sayarwa da shaida. In motar ta sata ce, ranar da aka bi sawu a hannunka za a sami injin. Bayan an ɗora, ka je ofishin lasin a gyara lambar a takardunka kafin ka fara lodi.