Bulala da Sunan Nasiha

Ran 12 ga watan Nuwamba, 2024, Justin Welby, shugaban limaman Cocin Ingila, ya ba da sanarwar zai yi murabus. Abin da ya jawo haka kuwa shi ne rahoton binciken da Keith Makin ya yi, wanda ya fito kwana biyar kafin nan, a kan ta'asar wani mutum da a ke kira John Smyth.

Shi Smyth ɗin nan babban lauya ne a Ingila, kuma coci ta ba shi iznin wa'azi, ko da ya ke ba a naɗa shi limami ba. Ya shugabanci wata ƙungiya mai suna Iwerne Trust, mai tara 'yan makarantun manyan mutane lokacin hutu tana koya musu addinin Kirista. Tun wajen ƙarshen shekarun 1970 ya riƙa jawo samari gidansa a Winchester da sunan zai yi musu nasiha. Sai yaro ya saki jiki ya faɗa masa zunubansa na ɓoye, sa'an nan ya kai shi wata 'yar rumfa a bayan gida, ya sa shi ya tuɓe, ya yi ta zuba masa bulala har jini ya fito. Ya kan haɗa dukan nan da addu'a, ya jawo ayoyin Littafi Mai Tsarki, ya ce horo ne irin na uba ga ɗan da ya ke ƙauna.

A 1982 wani daga cikin samarin ya nemi ya kashe kansa. Aka sa wani limami, Mark Ruston, ya bincika. Ya rubuta cewa samari 8 sun sha bulala wajen 14,000 a tsakaninsu, akwai ma wanda aka yi wa 800 a rana guda. Manyan da suka karanta takardar suka yi shawara, suka zaɓi rufin asiri, ba wanda ya je wurin 'yan sanda. A 1984 Smyth ya ƙaura zuwa Zimbabwe, ya sake buɗe sansanin yara, watau dai an ba kura ajiyar nama. Can aka tsinci gawar wani yaro ɗan shekara 16 a wurin ninƙaya a 1992, aka kai maganar kotu, shari'a ta watse. Labari ya kai kunnen Welby a 2013, amma ba a bi shi yadda ya kamata ba. Sai a 2017 gidan talabijin na Channel 4 ya tona asirin, a 2018 kuwa Smyth ya mutu a Afirka ta Kudu, ba a taɓa hukunta shi ba. Mutanen da ya cuta sun haura 100.

To, ga inda wuyar ta ke. Bisa al'ada, in baƙin ciki ya sami Kirista ya kan tafi wurin limaminsa, a karanta masa aya, a yi masa addu'a, ya sami sanyin zuciya. Amma wanda aka dake shi ana karanta aya, ina zai nufa? Wanda maciji ya taɓa sara, ko tsumma ya gani sai ya zabura. Haka irin waɗannan mutane su ke: wani da ya ji waƙar coci sai gabansa ya faɗi, wani barci ya gagare shi, wani kuwa ya shekara 30 yana ganin laifin nasa ne, tun da ya ke da ƙafarsa ya shiga rumfar. Wata masaniyar halayyar ɗan Adam a Amurka, Jennifer Freyd, ta nuna cewa cutar da ta fito daga hannun wanda ka dogara gare shi ta fi ta baƙo zurfi, in kuma hukumar da ta kamata ta tsare ka ta juya maka baya, ciwo ya zama biyu.

Saboda haka masu ba da shawara na gari, irin su Diane Langberg, wadda Kirista ce kuma ta shekara fiye da 40 tana wannan aiki, ba su fara wa mutum da wa'azi. Su kan bi hanya irin wadda likita Judith Herman ta shimfiɗa a 1992, mai mataki uku. Da fari a tabbatar mutum ya kuɓuta daga hannun azzalumin, hankalinsa ya kwanta. Sa'an nan ya ba da labarinsa da bakinsa, sannu sannu, ya yi kukan abin da ya rasa. Daga ƙarshe ya koma cikin jama'a. Addu'a ma sai in ya nema, gama wanda aka ƙwace wa ikon cewa a'a, farkon maganinsa shi ne a mayar masa da ikon nan.

Babban kuskuren da a kan yi shi ne gaggawar cewa ya yafe. Yafewa babban abu ne a addinin Kirista, ba shakka, amma sau da yawa mai matsa wa mutum ya yafe sunan coci ya ke tsarewa, ba ran mai ciwo ba. Kuma yafewa ba ta hana shari'a. Laifin da doka ta hana, wurin 'yan sanda a ke kai shi, ba a kashe shi a ɗakin taron dattawa.

A 2020 Cocin Ingila da Cocin Katolika na can suka haɗa kai suka kafa wani wurin neman taimako mai suna Safe Spaces, domin waɗanda aka cuta a coci. Kuɗin daga coci ya ke fitowa, amma aka danƙa aikin a hannun wata ƙungiya ta waje, don wanda ya buga waya kada ya ji muryar limami.