Kafin ka sayo wa tsohuwar kwamfutarka ram

Da yawa daga cikin kwamfutocin teburi da ke aiki a shagunan buga takardu na Wurno da Rabah da Goronyo gwanjo ne: Dell OptiPlex da HP Compaq da suka gama aiki a ofisoshin Turai da Amurka, suka shigo ta Legas, suka biyo ta Kano ko Sakkwato. Tun da JAMB ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, nauyin da ke kansu ya ƙaru, ga rajista, ga yara masu koyon danna madannai. Da na'ura ta fara nawa, shawarar farko da mai shago zai ji ita ce, "A ƙara mata ram." Shawara ce mai kyau. Inda ake yin asara shi ne wurin saye, domin mai sayarwa yakan nuna lamba mafi girma ya ce wannan ta fi gudu.

Gudun ram ba a hannunta yake ita kaɗai ba. Akwai sashen da ke ba ta umarni, shi ke yanke iyakar saurinta. A zamanin furosesa Core 2 Duo, wanda ya fito a 2006, wannan sashe yana kan babban allon kwamfuta, wato bod. Kamfanin AMD ya mayar da shi cikin furosesa tun 2003, Intel ya bi sahu a 2008. Ɗauki Core i5-2400 na 2011, wanda ke cikin OptiPlex 790 da HP 8200 da yawa: iyakarsa DDR3 mai gudun 1333. Ka sa masa mai 1600, za ta yi aiki lafiya lau, amma a kan 1333. Sai Core i5-3470 na 2012 ne ke kai ta 1600. Manomin da ke ƙasan madatsar ruwan Goronyo ya san wannan: komai cikar dam, abin da ƙofa ta saki shi ke isa gonarsa. Haka kuma in ka haɗa mai 1600 da mai 1333 a bod ɗaya, dukansu za su sauko kan ta ƙasa. Akwai ram masu tsada da ke alkawarin 1866 ko 2133 ta wani tsari da ake kira XMP, amma bod ɗin kwamfutocin ofis irin waɗannan ba su ba da damar kunna shi. Kuɗin banza ke nan.

A ganina, gudun ma shi ne ƙaramin lamari. Mai buga takarda da cike fom a intanet ba zai ji bambancin 1333 da 1600 ba ko ya wuni yana lura. Abin da zai ji shi ne tashi daga giga 2 zuwa 4, ko daga 4 zuwa 8, da kuma sa guda biyu iri ɗaya maimakon guda ɗaya, don furosesa ya riƙa ɗiba ta hanya biyu lokaci guda.

Babbar matsalar ita ce dacewa. DDR2 da DDR3 na kwamfutar teburi duk haƙora 240 gare su, tsawonsu ɗaya, sai dai giɓin da ke ƙasansu ba a wuri ɗaya yake ba, wutar da suke sha ma ta bambanta: 1.8 ga ta farko, 1.5 ga ta biyu. DDR4 kuwa haƙora 288 ne. In ram ta ƙi zama a gurbinta, kada a danna da ƙarfi, bod ɗin ne zai tafi.

Akwai tarkon da ya fi wannan ɓoyuwa. Ram biyu za su iya zama DDR3, giga 4 kowace, amma ɗaya tana da baƙaƙen ƙwayoyi takwas a fuska ɗaya, ɗayar kuma goma sha shida a fuska biyu. Tsofaffin bod na zamanin Core 2 Duo, irin na OptiPlex 780, yawanci ba su gane ta farkon, domin kowace ƙwaya ta fi ƙarfin lissafinsu. Sai fanka ta juya, fuskar kwamfuta ta tsaya baƙa ƙirin, mai shago ya rantse an sayar masa da lalatacciya, alhali lafiyarta lau. A duba takardar da ke manne a jikinta: 2Rx8 ita tsohon bod ke so, ba 1Rx8 ba. A nan kuma za a ga PC3-10600, wato 1333, ko PC3-12800, wato 1600. Harafin da ke biye da lambar shi ma a kula da shi. U ta kwamfutar teburi ce. R ta manyan na'urorin sabar ce, tana da araha a kasuwar gwanjo, kuma ba za ta tashi a kwamfutarka ba.

Wani kuma ram ɗin ta zauna daidai, amma Windows ɗinsa mai 32-bit ce, wadda ba ta iya amfani da ko giga 4 cikakku. Ya sa 8, fiye da rabi na kwance.

Kafin a zargi ram ma, a tuna da ƙurar hunturu. Sau da yawa cire ta, a goge haƙoran da magogin fensir, a hure gurbin a mayar, shi ne dukan gyaran. In kuma nawar ta wajen kunnawa da buɗe manhaja ce, sauya tsohon hard disk da SSD ya fi kowace ram tasiri. Sai dai a sani, Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma Windows 11 a hukumance ba ta karɓar waɗannan tsofaffin furosesa, don haka ba na'urar da za a zuba wa kuɗi masu yawa ba ce.

Zuwa Sakkwato daga Goronyo ko Rabah a dawo a sake komawa canjin kaya ba ƙaramin abu ba ne, ga kuɗin mota, ga halin da hanyoyin yankin suke ciki. Saboda haka kafin ka tashi, sauke CPU-Z, manhaja ce ta kyauta, ka rubuta sunan furosesa da na bod. Ka cire tsohuwar ram ka tafi da ita, ko ka ɗauki hoton takardar jikinta. In da hali ka ɗauki akwatin kwamfutar gaba ɗaya, a gwada a gabanka, ta tashi, sannan ka biya.