Kare da Ragowar Naman Sallah

A Babbar Sallah nama yakan wadata, kowa ya ƙoshi, ragowar a zuba wa karen gadi ko na farauta. Niyyar alheri ce, amma cikin kare ba irin namu ba ne.

Albasa da tafarnuwa ne kan gaba wajen cutar da shi, ga shi da wuya a yi miyar Sallah babu su. Ɗanyu ko dafaffu, suna fasa jajayen ƙwayoyin jinin kare. Alamar ba ta fitowa nan take. Sai bayan 'yan kwanaki a ga ya yi laushi, yana haki, dasashinsa ya yi fari, fitsarinsa ya yi ja. A lokacin maigida ya manta da romon da ya zuba masa.

Dafaffen ƙashi yakan tsage ya huda hanji, haka ma tsinken tsire. Cakulan da goro suna ɗauke da sinadarin tiyobromin, wanda jikin kare ke jinkirin fitarwa. Inabi da zabibi kuwa suna iya kashe masa ƙoda.

Abin da ya fi damuna shi ne huhu ko hantar rago mai ƙullutun ruwa da ake jefa masa ɗanye. Daga nan yake ɗaukar tsutsar ciki, ƙwanta ya biyo kashinsa ya kama mutanen gida, musamman yara. A ƙone irin wannan huhu ko hanta, ko a binne da zurfi.

In kare ya ci abin cutarwa, a kai shi asibitin dabbobi a ranar. Kada a ɗura masa ruwan gishiri don ya yi amai.