Kafin mai basira ya zauna da mai jari

A Ƙaura Namoda, inda layin dogo ya tuƙe tun 1929, akwai kwalejin fasaha ta tarayya da aka kafa a 1983. Ɗaliban injiniya a irin waɗannan makarantu kan ƙera na'ura kafin su kammala. Kai ta kasuwar Shinkafi ko Zurmi kuwa sai da kuɗin wani, kuma a nan rigima ke farawa.

Mutanenmu sun saba da ƙiradi: Alhaji ya ba da jari, yaro ya juya, a raba riba bisa kason da aka yanka, in an faɗi asarar kuɗi ta hau kan mai kuɗi. Amma mai ƙirƙira ba ɗan juyi ba ne. Ya zo da nasa jarin, sai dai ba ya ƙirguwa, kuma da zarar ya buɗe injin ya nuna cikinsa, ya riga ya miƙa shi kyauta.

Dokar ƙirƙira ta Najeriya ta 1970 tana ba da kariyar shekara 20, amma ga wanda ya fara shigar da takarda. Abin da aka riga aka baza a bainar jama'a ba ya rajistuwa, wanda kuma aka ƙera a bakin aiki na wanda ya ɗauke ka aikin ne. Malaman kwaleji su lura da wannan. Saboda haka rajista tukuna, sannan ciniki. Hukumar NOTAP na taimakawa wajen shigar da takardun.

Sai dai takarda ba ta tsare kowace dabara. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, kayan miya suka daina saurin lalacewa. Duk maginin tukwane zai iya kwaikwayo. Shi ya ɗauki magina aiki da kuɗin aljihunsa, ya raba dubban tukwane a ƙauyuka, har ya ci kyautar Rolex ta dala 75,000 a 2000.

Ga mai irin wannan dabara, ni a ganina, gara ya nemi kaso a kan kowane injin da aka sayar maimakon kaso a riba. Injin ana ƙirga shi a bakin shago, riba kuwa mai riƙe da littafi ne ke faɗinta. A rubuta, a gaban shaidu, har da wanda zai riƙe zanen ranar da aka raba gari.